Ranar Da Na Yi Sata A Gidan Mai Keke

Ku matso kusa, 'ya'yana, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Masu aiko mini da saƙo kuna cewa Iya Fuensanta ta cika faɗa, yau ga abin taunawa na kawo wa bakinku. Ni da na shekara sittin da bakwai a duniya ko allurar wani ba ta taɓa kwana a hannuna ba, ranar Alhamis ɗin nan na yi sata. Da rana tsaka, da hankalina, kuma sanye da rigar zuwa coci.

Amma bari in ɗauko muku daga tushe.

Gidana yana unguwar San Basilio a nan Kordoba, a ciki aka haife ni, a ciki mijina ya rasu shekara tara da suka wuce, Allah ya jiƙansa. Tsakar gidan ba ta da faɗi, amma bangonta huɗu tun daga ƙasa har ƙarƙashin rufi tukwanen fure ne, shuɗɗa, kowace a kan ƙusarta. Tukwanen sama da gwangwani ɗaure a bakin doguwar gora nake ba su ruwa, kamar yadda mahaifiyata ta koya mini. In watan Mayu ya kama mu buɗe ƙofa mako biyu, duniya ta shigo ta gani.

Bara cikin tsananin zafi na hau tsani zan shafa farar ƙasa, tsani ya ce bai san zancen ba. Ƙashin ƙugu ya karye. Wata biyu ba na gida. Maƙwabciyata Encarna ta yi iya ƙoƙarinta, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na dawo na tarar rabin tukwanen sun ƙone. Duk wannan da sauƙi. Wanda ya karya ni shi ne furen mahaifiyata, wanda ke rataye saman rijiya: ja ne mai duhu kamar hanta, daga ƙauyensu ta zo da shi ranar da ta tare, kuma ban taɓa ganin irinsa a gidan kowa ba. Na sauke tukunyar, na bar ƙusar haka nan. Tun daga ranar ban ƙara jin gidan nawa ne ba.

Shi ya sa da 'yata Araceli ta zo daga Madrid ta taya ni bikin buɗe ƙofa na bana, ta ce ranar Lahadi in an rufe ƙofa tare za mu tafi, ban yi gardama ba.

"Hawa na tara ne, Mama, amma akwai na'urar hawa," in ji ta, tana ninke mini zannuwan gado a akwati. "Ga baranda. Za ta ci tukunya huɗu."

"Huɗu."

"Ko biyar, in ƙanana ne. Mama, ba zan ƙara zama a wurin aiki gabana yana faɗuwa duk sanda waya ta yi ƙara ba. Wa zai hau miki tsani?"

Gaskiya ta faɗa, kuma gaskiya ɗaci gare ta. Har tikitin jirgin ƙasa ta yanka mana.

To, ga Eulogio. Dattijo ne mai shekara saba'in, matarsa ta daɗe da rasuwa. Da can direban motar bas ne, da ya ajiye aiki sai zaman gida ya gagare shi, ya sayi irin keken nan mai ƙafa uku da ake yi wa caji, fari fat, yana zagayawa da baƙi masu yawon buɗe ido. Ku sani, duk unguwar nan ba wanda ya kai ni ƙin kekunan nan. Abu ba ƙara ba hayaƙi, yana saɗaɗowa kamar kyanwa. Wata rana na fito da ƙwai daga kanti sai kawai na ji numfashinsa a bayana, ƙwai goma sha biyu suka gaisa da ƙasa. Ni na bi gida gida da takarda aka sa hannu, har aka hana su shiga lungunmu. Kuma a gaban Encarna na dafa ƙirji na ce duk ranar da aka gan ni a cikin wannan kwandon kaji, a sake mini suna.

Wanda ya fasa mini ƙwan shi ne Eulogio. Washegari ya kawo wasu, na mayar masa. Tun daga nan, shekara uku ke nan, kullum sai ya ajiye kekensa a bakin lungu ya tako da baƙinsa har tsakar gidana, ya tsaya jikin rijiya da hularsa a hannu yana ce musu, "Ku kalli furanni da kyau, amma kada ku kalli mai su, tana cizo." Ni ban san wanda ya ba shi lambata ba, ko da yake ina zargin Encarna. Ya gane karatuna ba nisa, sai yake aiko mini da saƙon murya. Ban taɓa amsawa ba. Ban kuma taɓa sharewa ba. Wannan tsakanina da ku ne.

Ranar Alhamis da safe ina yanka burodi ina zuba masa man zaitun, Araceli tana banɗaki, waya ta yi ƙara. Na danna.

"Fuensanta, barka da asuba. Na ji an ce Lahadi za a naɗe ki a saka a akwati. Kin shekara sittin da bakwai a garin nan, amma mutanen Japan da na ɗauka jiya sun fi ki saninsa. Ƙarfe biyu da rabi in kun rufe ƙofar rana, ina bayan ganuwa inda ba mai ganinki. Zagaye ɗaya kawai. In ba ki zo ba babu komai, na san tsoro kike ji."

Tsoro! Ni da na haifi 'ya'ya biyu a ɗakin can ba likita. Na ajiye wuƙar, raina yana tafasa. Daga baya na gane tsohon ya san inda zai taɓa ni ne, amma a lokacin ina!

Ƙarfe biyu muka sallami baƙi na ƙarshe, muka sha miyar tumatir mai sanyi da dafaffen ƙwai a kai. Araceli ta miƙe a doguwar kujera. Na shiga ɗaki na ciro rigata ruwan bula mai ɗigon fari, wadda rabona da ita tun bikin jikata, na sa 'yan kunnen zinariya na mahaifiyata, na ɗauki mafici da jaka da sandata.

"Mama, ina zuwa da wannan kwalliyar cikin ranar nan?"

"Coci. Zan kunna kyandir in yi ban kwana."

"Da turare?"

"Ke, a gaban Allah da wari ake zuwa? Yi barcinki."

Kun ga ƙarya ta riga sata. Haka zunubi yake, ba ya tafiya shi kaɗai.

Na same shi a inuwar ganuwa, farar riga a goge, yana kaɗe kujerar baya da hularsa.

"Ranki ya daɗe, sarauniya ta iso."

"Rufe mini baki. Zuwa na yi in nuna maka ba na tsoron kwandonka. Ina ake takawa?"

Ya miƙo hannu, na ƙi. Na gwada sau biyu ƙugu ya ƙi, na uku na kama hannun. Ya ɗaura mini ɗamara, ya koma gaba. Ina jiran in ji an tayar da inji, sai na ga bango yana tafiya.

"Kai! Mun tashi ne?"

"Tun ɗazu."

Na buɗe mafici na rufe fuska, ido ɗaya a waje. Shi kuwa ya gyara murya irin wadda yake yi wa baƙi. "Jama'a, a hannun hagunku ga fadar da sarakuna suka..."

"A nan uwata take sayar da dodon koɗi a kofi. Kusa da waccan bishiyar lemun. Ni ke wanke kofunan."

"To. A gabanku kuma ga hasumiyar da aka gina shekara..."

"A gindinta malamar makaranta ta mare ni don na ci gyaɗa a layi. Daga ranar ban koma ba."

Ya juyo yana dariya. "Baiwar Allah, wa ke zagayawa da wani a nan?"

"Kalli gabanka, kada ka fasa wa wata ƙwai."

'Ya'yana, gani ya kori ji. Abin da nake zagi a keken nan ashe shi ne daɗinsa. Da yake ba ya ƙara, komai sai ka ji shi: ruwa yana zuba a maɓuɓɓugar dandali, cokula suna ƙara a bayan tagogi, tsuntsaye suna shawagi a kan tsohon babban masallacin da aka mayar coci tun zamanin da. Iska tana shiga ta ko'ina. Muka bi ta dandalin Corredera inda mijina ya fara saya mini gasasshen kifi, muka bi lungun da aka yi mini ɗinkin aure, yanzu wai shagon sayar da maganaɗisun da baƙi ke manna wa firiji ne. Wasu 'yan mata jajaye suka ɗaga waya suna ɗaukata hoto, na harare su, suka ƙara ɗauka. Ban san sanda maficin ya sauka kan cinyata ba.

Da muka haye kogi ya tsaya a ɗaya gaɓar. Rabona da ƙetarawa ya fi shekara ashirin. Me zan je yi? Kasuwa tana wannan gefe, coci tana wannan gefe, maƙabarta ma haka. Na ga garin gaba ɗayansa a shimfiɗe, tsohuwar gada tana wanka a ruwa, rana ta mayar da duwatsun kamar zuma.

"Daga hawa na tara ba a hango wannan," ya ce, a hankali.

"Ba a tambaye ka ba."

Ya duba allon gabansa ya yi tsaki. "Kash. Batir yana neman abinci. Gidana yana nan bayan layi, minti ashirin ya isa."

"Eulogio, kifi na ganinka mai jar koma. Ni za ka yi wa wayon batir?"

"To sai ki tura mu zuwa gida, ni ƙafata ba ƙarfi."

Gidansa ɗan ƙarami ne mai koren ƙofa. Ya jawo waya daga zaure ya cusa wa keken. Na ce a bar ƙofar a buɗe, ya ce ko cire ta nake so a yi sai a yi. Na taka zauren ina shirin ganin ƙazantar gidan gwauro. Sai na tsaya cak.

Bangon tsakar gidansa tukwane ne, sun kai talatin. Ba yawansu ya tsayar da ni ba. Uwa ba ta ɓatan ɗanta a kasuwa. Wancan mai ruwan hoda da farin baki, nawa ne na kusa da matakala. Wancan mai zubowa kamar gashi, na saman tagar kicin ne. Kuma a tsakiya, inda inuwa ta fi, cikin tukunya mafi girma, ga shi nan ja mai duhu kamar hanta, ya yi rassa ya yi kauri, ya fi yadda yake a hannuna lafiya.

Sanda ta faɗi daga hannuna.

"Ɓarawo," na ce. "Ɓarawo! La'ananne! Shekara uku kana tsaya mini jikin rijiya!"

"Da hula a hannu," ya ce. "Kin taɓa tambayar abin da ya sa ba na sa ta sai na fita? A cikinta nake ɓoye rassan."

"Furen uwata!"

"Shi na fara ɗauka. Ranar da kika mayar mini da ƙwai."

Na zauna a bakin matakala. Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba, irin kukan da ban yi a asibiti ba. Shi kuma ya tsaya yana kallon rufi kamar mai ƙirga tayal. Da na share fuska na ce, "Me ya hana ka faɗa mini tun bara?"

"Na aiko miki saƙo sau uku ki zo ki ga wani abu. Kin amsa?"

Na ɗauki sandata. Sannan na miƙe. "Sauko mini da tukunyar."

"A'a. Shekara uku ina ba ta ruwa, ta zama 'yar gida."

"To karyo mini reshe."

"Haba, Fuensanta. Ke ce za a koya wa? Reshen da mai shi ya bayar da hannunsa ba ya kamawa. Ko so kike ya mutu sau biyu?"

Nan ya ɗaure ni. Duk wadda ta taɓa riƙe tukunyar fure a garin nan ta san wannan: dashe sai na sata. In an ba ka, ruɓewa yake yi. Mahaifiyata da bakinta ta gaya mini wannan furen ma ta katangar wani limamin coci ta tsinko shi. Ni ce dai ban taɓa yi ba, abin da na gada shi nake ta rainon 'ya'yansa, ina taƙama da tsarkin hannuna.

Eulogio ya yi miƙa ya ɗaga murya kamar mai shela. "Ni dai zan shiga in dafa kofi. Tukunyar kofin nan tawa nawa gare ta, sai ta yi minti goma. Kuma tagar kicin ɗin ba ta kallon nan."

Ya shige. Na ji yana buga kofuna da gangan, har da waƙa, muryar kamar ta jaki mai mura.

Na tsaya ni da furen. Na ce a raina, Fuensanta, da tsufanki? Ke da kike kama hannun baƙi in sun taɓa ganye? Na dubi ƙofa, na dubi sama, na ce Ubangiji ka kawar da kai kaɗan. Na zaɓi reshe mai gaɓa uku wanda bai yi fure ba, na sa farce. Ƙaras! A kunnena kamar an harba bindiga. Na jiƙa hankicina a bokitinsa, na naɗe shi, na tura can ƙasan jaka, na koma na zauna ina fifita kamar ba ni ba.

Ya fito da kofi biyu. Ya dubi furen, ya dubi farcena da ya yi kore.

"Kamar an taɓa mini fure. Kin ga wani ya shigo?"

"Ni mai gadinka ce?"

"Allah ya isa dai. Duk wanda ya ɗauka, ya sani reshen Mayu kwana arba'in yake so a inuwa, ba a motsa shi. In aka hau da shi jirgi, ko aka ajiye shi inda iska ke kaɗawa, an yi asara."

Na kurɓi kofin. Ya yi ɗaci, amma na shanye. A jikin bango na hango gora da gwangwani a bakinta, ɗaurin irin nawa sak.

"Wannan fa?"

"Da ido na koya. Layin tukwanen sama ba ya gagarar ta. Tsani ma ina hawa, likita ya ce ƙashina na ɗan shekara hamsin ne."

"Likitan yana buƙatar tabarau."

Hira ta ja mu, ban farga ba sai da ƙararrawar coci ta buga shida saura kwata. Ƙarfe shida ake sake buɗe ƙofa. Muka kamo hanya. Da muka kusa ganuwa ya rage tafiya zai sauke ni inda ya ɗauke ni. Na taɓa jakar na ji hankicin ya fara bushewa. Daga nan zuwa gida da sandata, cikin wannan zafin, minti goma sha biyar ne.

"Wuce. Kai ni bakin lungu."

"Kin tabbata? Mutane sun yi layi."

"Na ce wuce."

Layin baƙi ya kai har kwana. Matan unguwa kowace tana bakin ƙofarta a kan kujera. Encarna ce ta fara hango ni, ta miƙe har maficinta ya faɗi.

"Jama'a ku fito! Wace ce wannan a kwandon kaji? Ƙawata, wane sunan za mu raɗa miki?"

"Ki raɗa wa bakinki linzami. Matsa in wuce."

Lungu ya ɗauki shewa. Na sauko, wannan karon ban jira an miƙo hannu sau biyu ba. Araceli tana bakin ƙofa da waya a hannu, fuskar nan kamar hadari.

"Mama! Har coci na je, a kulle take. Ina kika shiga? Wane ne wannan?"

Na wuce bayan rijiya na ɗauko tsohuwar tukunyar, na cika ta da ƙasa da ɗan yashi, na warware hankicin. Araceli ta biyo ni tana faɗa, sai ta ga ganyen, da zoben nan mai duhu a tsakiyarsa. Ta san shi, a ƙarƙashinsa ta yi rarrafe.

"Na Kaka ne?" Muryarta ta sauka. "Ina kika samo?"

"Satowa na yi."

"Ke?"

"Ni. Kuma kwana arba'in ba a motsa shi. Lahadi ki gaishe mini da Madrid."

"Mama, mun gama maganar nan. Wa zai ba na sama ruwa? Wa zai hau tsani?"

Daga zaure aka yi gyaran murya. Eulogio ne, hula a hannu. Na ce masa ya sa ta a kai inda zan riƙa ganinta.

Araceli ta dube shi tun daga takalmi har furfura. 'Yata ce, ba ta da wasa. Ta ɗauko gorata ta miƙa masa. "Baba, layin sama tukunya arba'in ne. Gobe ƙarfe bakwai na safe ina tsaye ina kallo. In ka fasa ɗaya, ko ka jiƙa bango, da Mama zan tafi."

Juma'a bakwai saura ya iso. Bai fasa ba, bai jiƙa ba, sai dai Encarna da ta leƙo ta katanga ta samu rabonta a ka, kuma na san da gangan ne. Araceli ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito ta ce tikiti ɗaya ta soke. "Kwana arba'in, Mama. In ya kama, kin zauna. Amma ki gaya mini tsakaninki da Allah, furen ne ya riƙe ki ko mai keken?"

Na ce mata 'yar da ta san tarbiyya ba ta yi wa uwarta irin wannan tambayar. Ta ce labarin zuciya a tambayi fuska. Yaran yanzu, ka koya musu karin magana su jefe ka da ita.

Yau Asabar, reshen bai sunkuyar da kai ba. Ɗazu ina kwashe zannuwan gadona daga akwati waya ta yi ƙara, Araceli tana tsaye a kaina, ni kuma har yau ban iya rage wa abin nan murya ba.

"Fuensanta, ki gaya wa 'yarki gobe kafin jirginta zan zo da kwat ɗina, wurinta zan zo ba wurinki ba. Akwai abin da ba a sata, sai an roƙa."

Araceli ta zauna a bakin gado ta harɗe hannu. "To, Mama. In ya roƙa, me zan ce masa?"